Don mi muke waƙa sannu-sannu? Nowel ɗin bana a gidanmu

 

Ni Kirista ne, Bahaushe, haifaffen jahar Maraɗi, kuma a nan aka rufe kakannina. Na fara da wannan ne saboda har yau akwai abokan da in sun ji na ce zan tafi majami'a sai su tambaye ni daga Benin ko Togo iyayena suka zo. Ba na jin haushi, don ƙidayar 2012 ta nuna ko ɗaya cikin ɗari na al'ummar Nijar ba mu kai ba. Mutum yana iya girma a unguwa har ya yi aure bai taɓa shiga gidan Kirista ranar Nowel ba. To yau ku shigo namu. Ina da labarin da zan ba ku, kuma ina da magana a bayansa.

Bara mun yi abin da ake kira biki. Mun shiga anko, mun shiga watandar sa, mun sayi lemun kwalba katan-katan, har itacen roba mai fitilu masu ƙyaftawa na sayo, don kada hoton gidanmu ya kasa na kowa a Facebook da WhatsApp. Kun san 25 ga wata ba ranar albashi ba ce. Da bashi aka yi komai. Janairu ya shigo da kuɗin haya da kashi na biyu na kuɗin lakwal ɗin ƙanena, ni kuwa ina zagaye wata hanya don kada in bi ta gaban butikin da ake bina. Sai cikin watan Maris na gama biya. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma nawa na bara ni na haɗiye shi da hannuna saboda idon mutane.

Shi ya sa tun farkon Disamba maiɗakina ta zaunar da ni. Ɗiyarmu shekarunta huɗu, sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Inna muke ce mata. Ta ce: «Baban Inna, bana kam ba mu cin bashin kowa. Abin da ke hannunmu shi za mu dahwa. In zabo ɗaya ne, zabo ɗaya ne.» Na ce to. A zuci kuwa kunya nake ji, ina tunanin abin da za a ce.

Ga abin da muka saya: zabbi biyu, tiya biyu ta shinkafa, mai da kayan miya, garin fanke, zoɓo, rake sanda uku, da alawa. Rigar Inna daga wani zanen uwarta tela ya fitar da ita. Duka lissafin bai kai jikka ashirin ba. Itacen robar bara ya riga ya karye, fitilunsa sun mutu. Na sari reshen bedi a ƙofar gida, muka dasa shi cikin gwangwanin tumatir da yashi, Inna ta rataya masa takardun alawa da zare. Daga nan muka kwaɓa laka, muka gina shanu da tumaki irin waɗanda muke yi muna yara, muka yi musu rumfa da karan gero cikin kwali, wai kwatancin wurin da aka haifi Almasihu. Jakin da Inna ta gina ya fi kama da kwaɗo, amma ba wanda ya isa ya faɗa mata. Da muka gama sai ta ɗauko ƴar motarta ta gwangwanin sardin ta ajiye a bakin rumfar. Na ce ta mece ce? Ta ce: «Don a kai Maryama likita mana. Ba ta haihu ba?»

Da safiyar ranar na ɗauki zabbin na kai wa Malam maƙwabcinmu ya yanka. Haka na taso na ga mahaifina yana yi, don abincin ya shiga kowane gida ba tare da wani ya yi ɗar-ɗar ba. Muka je sujada muka dawo, aka sauke tukunya, aka zuba kwano biyar na maƙwabta tun kafin mu sa loma. Inna ce ƴar aike, ita da ɗiyar yayata. Kowane kwano an rufe shi da faifai, tana tafe tana taka ƙasa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ta dawo da tukuici: dabino, gyaɗa, da dala ashirin da ta ƙulle a hannu har ta yi barci ba ta saki ba.

Da dare aka ɗauke wuta. Muka kunna fitila mai caji, muka shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki, muka jawo kaskon gawayi saboda hunturu. Na ba ta labarin kamar yadda yake a Linjila ta hannun Luka, babi na biyu: tafiyar ƙidaya zuwa Baitalami, rashin masauki, jaririn da aka kwantar a wurin cin abincin dabbobi, da makiyayan da ke kwana a daji da garkensu. Wurin makiyayan ya fi burge ta, don tana ganin Fulani da Buzaye suna wucewa da bisashe ta bayan unguwarmu. Sai da na maimaita mata shi sau uku. Daga nan muka ɗauki waƙa, mu uku.

Muna tsakiyar waƙar ta dafa mini gwiwa ta ce: «Baba, don mi muke waƙa sannu-sannu? Wani na kwana?»

Ba wanda ke barci. Ko isha'i ba a daɗe da yi ba. Sai a lokacin na lura cewa kafin mu fara, na tashi na sa wa ƙofar gida sakata, na ja taga, kuma ni ne na fara waƙar ƙasa-ƙasa su kuma suka bi ni. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma san na yi ba. Maiɗakina ta dube ni, na dube ta. Na ce wa yarinya sanyi ne ya kama mini murya. Ƙarya na yi mata ranar Nowel.

Gaskiyar ita ce ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 ina Damagaram, ina ɗan lise a gidan kawuna. Bayan an sauko daga masallaci zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe, aka shiga ƙona majami'u da gidaje da shagunan Kiristoci. Washegari wutar ta kama a Yamai, inda ƴan sanda suka ce an ƙona majami'u 45. Mutum goma suka rasa rayukansu a biranen biyu, gwamnati ta sa makokin kwana uku. Mu da ba mu taɓa ganin jaridar da idonmu ba, kuma zanen ya ɓata mana rai kamar kowa, mu muka kwana biyu a ƙuryar ɗakin wata tsohuwa Musulma maƙwabciyar kawuna. Ita ta zauna a zaure da carbinta, duk wanda ya leƙo ta ce masa jikokinta ne a ciki. Allah ya jiƙanta, ta rasu. A watan Yunin 2019 kuma, a nan Maraɗi, aka sa wa wata majami'a wuta a unguwar Zariya. Tun daga waɗannan ranaku hannuna ya koyi sakata, maƙogwarona ya koyi rage murya, kuma ga shi ina shirin gadar wa ɗiyata abin da ba ta san mafarinsa ba.

Washegari da hantsi Hajiya ta gidan da ke jikin namu ta shigo maido da kwano. Ba ta maido shi wofi ba, ta ciko shi da dambun zogale. Bayan gaisuwa ta ce wa maiɗakina: «Ke ɗiyata, lahiya dai? Bana ban ji waƙarku ba. Na ce wa Alhaji ko yarinyar ce ba ta jin daɗi. Da can in kunka fara har jikokina na biye muku ta bisa katanga.» Ina daga ɗaki ina ji. Ashe matar da na rufe taga don kada in dame ta, kunne ta kasa tana jira.

To ga maganata, ƴan uwa. Ƙaramin biki iri biyu ne, kuma daga waje kamanninsu ɗaya. Akwai wanda iyali suka zaɓa da kansu, suka auna aljihunsu suka ce daidai ruwa daidai tsaki. Akwai kuma wanda tsoro ya zaɓa musu. Na farko ina alfahari da shi, ina kuma kiran kowa gare shi. Na biyu abin kunya ne, kuma kunyar ta unguwa ce gaba ɗaya, har da hukuma. A dare ɗaya na yi duka biyun a ɗaki ɗaya, kuma sai da yarinya ƴar shekara huɗu ta raba mini su.

Bari in fara da na farko, don ya shafi kowa, mai Nowel da mai Sallah. Mu matasan birni mun mai da biki jarrabawa, kuma masu ba da maki mutane ne da ba za su biya mana ko dala ba. Tun rikicin 2023, da takunkumin CEDEAO da rufe iyakoki, kowa ya ga yadda farashin shinkafa da mai ya tashi. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma aljihun talaka bai koma yadda yake ba. Duk da haka za ka ga mai albashin jikka sittin yana neman ragon jikka ɗari da hamsin ranar layya, ko Kirista irina yana cin bashi don itacen roba da aka ƙera a Sin, mai kwaikwayon wani itacen ƙasashen ƙanƙara da ko kakansa bai taɓa gani ba. In ka tambaye mu sai mu ce don yara muke yi. Ni na gwada, kuma ina shaida: ba don yara ba ne. Na tambayi Inna abin da ta tuna na bara, ba ta tuna komai ba sai cewa an yi baƙi da yawa kuma an hana ta taɓa itacen. Na bana kuwa har yau tana ba ƴan uwanta labarin jakinta na laka da dala ashirin ɗinta. Bara ina can ina hidimar manyan baƙi da lissafin abin da ya rage cikin katan. Bana ina zaune a ƙasa, hannuna duk laka, ita kuma tana ba ni umarni. Abin da yaro ke nema ranar biki ke nan: ya ga ubansa da uwarsa sun zauna, ba sa sauri, ba sa faɗa kan kuɗi.

Kuma in dai asalin ranar ake bi, ai ba a fada aka yi haihuwar ba. A Linjila wurin dabbobi ne. Ƴan uwana Musulmi kuma sun san yadda Suratu Maryam ta kawo labarin haihuwar Annabi Isa: uwa ita kaɗai, nesa da mutane, a gindin dabino. Mun bambanta a kan ko wane ne shi, kuma bambancin babba ne, ba na ɓoye shi. Amma ba littafin da ya ce an yi anko.

Na san abin da wasu za su ce. Za a ce wannan wa'azin rowa ne, kuma in kowa ya ƙanƙance biki, tela da mai kaji da mai kitso da mai lalle me za su ci? Tambaya ce mai nauyi, don akwai gidajen da cinikin sati biyu na Sallah ko na ƙarshen shekara ke riƙe su wata uku. Amsata ita ce mai hali ya yi daidai halinsa, ba wanda ya hana shi. Da marar hali nake, wanda zai karɓi ɗinki bashi ya bar tela yana bin sa har damina. Wannan bai taimaki tela ba. Mu ma ai tela ya samu namu, mai zabbi ya samu, mai rake ya samu, kuma kowa a hannu aka ba shi. Game da rowa kuwa, ku duba inda muka rage da inda muka ƙi ragewa. Mun rage abin nunawa. Kwanon maƙwabta biyar ne bara, biyar ne bana. In za ka yanke wani abu daga bikinka, fara da abin da ake ɗauka hoto, ka bar abin da ake aikawa bayan katanga.

Yanzu na biyun, wanda ya fi ci mini rai. Ranar 25 ga Disamba ranar hutu ce a hukumance a ƙasar nan, mako ɗaya bayan bikin 18 ga Disamba na Jamhuriya. Kowa na shan hutun, ma'aikaci da ɗan lakwal, Musulmi da Kirista. Kuma mu ba jiya muka zo ba. Tun 1924 ƴan mishan suka sauka a Damagaram, daga baya Tsibiri. An buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa tun 1932, da ita muke karatu, da ita muke addu'a. Asibitin Galmi yana aiki tun 1950, ga kuma na Danja a nan kusa da mu, kuma duk wanda ya taɓa kai majinyaci can ya san ba a tambayar addini a bakin ƙofa. Idan bayan wannan duka uba yana sa sakata kafin ya rera waƙar ibada da ɗiyarsa a cikin ɗakinsa, to akwai aikin da takardun doka da tarukan manyan malamai da fastoci a otel ba su gama ba. Aikin na unguwa ne, kuma mu matasa ya fi shafa, don in za mu faɗa wa juna gaskiya, waɗanda suka ɗauki galan ɗin fetur a 2015 sa'o'inmu ne. Tsofaffi su suka ɓoye mu.

Ba ina roƙon kowa ya ce mini barka da Nowel ba. Na san malamai sun yi saɓani a kan wannan, kuma ni ba mai ba da fatawa ba ne. Cikin gidaje biyar da muke kai wa abinci, akwai ɗaya da maigidan ya taɓa samuna cikin mutunci ya ce: «Maƙwabci, kada ka ji komai, amma abincin wannan rana ba na ci, fahimtata ke nan.» Na ce na gode da ka faɗa mini da bakinka. Tun daga nan sai bayan kwana biyu muke aika musu rake da gyaɗa, su kuma suna karɓa. Mutumin nan shi ne ya tashi ƙarfe biyun dare ya ɗauki maiɗakina a motarsa ranar da za a haifi Inna, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Ban taɓa jin tsoronsa ba, kuma ba zan ji ba. Wanda ya ƙi cin shinkafata amma ya tsare mini haƙƙin maƙwabtaka ya fi mini wanda zai ci ya yi santi, gobe in an taso ya nuna gidana da yatsa.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. In akwai Kirista a layinku, ka san shi, ka san sunan ƴaƴansa. In ka ji shiru a gidansa ranar da ya kamata a ji motsi, yi abin da Hajiya ta yi, leƙa ka ce lafiya? Zumunta a ƙafa take. In wani saƙo ya shigo wayarka yana cewa wasu sun yi kaza a wata ƙasa don haka a tashi, tsaya ka tambayi kanka wane ne zai biya kuɗin wannan fushin a unguwarku, kafin ka tura wa wani. In ka ji yara suna yi wa wani yaro waƙar arne a hanyar lakwal, tsawata musu ko da ƙannenka ne, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu ma Kiristoci akwai namu. Tsoro ya sa wasunmu sun janye jiki, sun koma ba su da aboki sai ɗan majami'arsu, ba sa zuwa suna, ba sa zuwa gaisuwar mutuwa, sannan su ce an ware su. Wasu kuma in sun samu dama sai su kafa lasifika har asuba kamar ramuwar gayya, maƙwabci na da majinyaci ko babu. Duka biyun ba hanya ba ce. Ni kaina da nake wannan dogon bayani, ai ni ne na yi wa Hajiya mummunan zato ba tare da ta yi mini komai ba. Shekara shida muna katanga ɗaya, naman layyarta bai taɓa tsallake gidana ba, amma na rufe mata taga.

Daren 26 ga wata muka sake shimfiɗa tabarma. Reshen bedin ya fara yaushi, jakin laka ya rasa ƙafa ɗaya. Na kira Inna na ce mata jiya ba sanyi ne ya kama mini murya ba, tsoro ne na wani abu da ya faru tun ba a haife ta ba, kuma in ta girma zan ba ta labarin duka, har da na tsohuwar da ta zauna a zaure. Ba ta gane ba, ta dai ce to mu yi waƙar. Na bar taga a buɗe. Ba mu yi ihu ba, mun yi ta da muryar da mutum ke magana da ita a gidansa. Can sai muka ji ƴan tafi daga bayan katanga, ba a kan kari ba, irin na yara.

Baɗi in Allah ya kai mu, zabbi biyu ne dai, ko ɗaya in abin ya ƙara tsada. Bashi kam mun yi sallama da shi. Sakatar ce nake roƙon Allah ya raba hannuna da ita, kuma wannan ba zan iya ni kaɗai ba sai da ku.

Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu da unguwanninmu, ya raya mana ƙananan da ke tasowa, ya rufa wa kowa asiri ranar bikinsa. Allah ya taimaki Nijar da ƴan Nijar. Amin.